Kumfa a Kofin Lorenz

Hamburg, 24 ga Agusta, 1986

Yaya Gunda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwarki mai gardama. Na iso gida lafiya. Matata Heike tana gaishe ki, ta ce kyafaffen naman aladen da kika ba ni bai kai Laraba ba, kuma wai ni na cinye. Bayana ya yi sauƙi, sai dai kujerar ofis ta fara mayar da ni inda na fito.

Na wanke fim bakwai a banɗaki, Heike tana buga ƙofa tana mita. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yawon ɗaukar hoton giya mai sanyi da gidajen da ake sayar da ita, na shiga sama da ɗari huɗu, amma ban taɓa shan wahala irin ta ƙauyenku ba. Ko'ina a duniya ana zuba giya a gilashi, ka ga launinta, ka ga gilashin yana gumi. Ku kuwa kun ɓoye ta a kofin yumɓu, kun kifa mata murfin kuza, kamar ta yi laifi. Me kyamara za ta gani? Kumfa kaɗai. Ita kuma kumfa ba ta jiran mutum, kafin ka daidaita haske ta kwanta.

Duk da haka na sami guda. Yaya, ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Tebur a ƙarƙashin bishiyar lindin, ƙofar kogon da kike ajiye ganguna a baya, rana ta sako ta tsakanin ganye. Na aika da shi gasar jaridar gundumarku. Ba zan faɗa miki wanne ne ba, ki jira ki gani. Ke ce dai kika ce mini gida gidana ne, in ɗauki abin da na ga dama.

Ki gaishe da dattawan tebur na gidan giyarki, har da Baptist maƙeri da bai yi mini murmushi ko sau ɗaya ba.

Taubashinki,
Wendelin


Hollernbach, 2 ga Satumba

Wendel ɗan birni,

Wasiƙarka ta iso, na gode. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta. Hawa kogo da sauƙi, saukowa ce ke sa ni kiran sunan uwata. Maƙwabcina Alois yana zuwa Litinin da Juma'a yana mirgino mini ganguna, Allah ya saka masa, don tun da mijina Lorenz ya rasu ba ni da mai yi.

Dattawan tebur sun amsa gaisuwarka da dariya. Har yanzu kai ne abin hirarsu. Baptist ya ce a shekararsa saba'in da shida bai taɓa ganin mutumin da aka ajiye wa giya mai sanyi a gabansa ya tashi ya durƙusa mata ba. Ya ce, "Gunda, wannan ɗan'uwan naki, giya yake sha ko sujada yake yi mata?" Na ce masa kakanka da kakata wa da ƙanwa ne, amma hankalin gidan duk ɓangarenmu ya gangaro. Kofi uku ka bari suka huce ranar Lahadin nan, na ga dattijo Konrad yana kallonsu kamar zai yi kuka.

Kada ka raina mana yumɓu. Shi ke riƙe sanyin kogo har kurɓin ƙarshe, murfin kuma shi ke hana ƙudan zuma iyo a ciki. Wanda ke son kallon giya ya tafi Hamburg.

An fara sanyi, ƙarshen wata zan shigar da benci, mu koma cikin gida. A nan ne nake jin rashin Lorenz. Su bakwai suna zaune, kujera ta takwas ba kowa, kofinsa yana rataye a ƙugiyarsa a kansu da baƙin zaren da Baptist ya ɗaura. Ko ƙura ba na share masa. Ranar sha ɗaya ga Nuwamba shekara za ta cika, sai Baptist ya sauko da shi, in cika, ya zagaya tebur kowa ya kurɓa, sannan ya zama nawa. Ina ƙirga kwanakin, ban san ko ɗoki nake yi ko tsoro ba.

Ka aiko mini da hotunan, in ga abin da ya sa ka ɓata wandonka a ƙasa.

Yayarka,
Gunda


Hollernbach, 21 ga Satumba

Wendelin,

Ina lafiya. Hotonka ya fito a jaridar jiya, rabin shafi. Babu wanda bai gani ba. Yau a ƙofar coci ba a yi wata magana ba sai tasa. Ka rubuto mini da zarar ka karanta wannan.

Gunda


Hamburg, 5 ga Oktoba

Yaya Gunda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkiri, ofis ya tura ni Bremerhaven kwana goma, na dawo da mura, na tarar da 'yar wasiƙarki a ƙarƙashin tarin takardu. Murar ta tafi, Heike ce ta ɗauka yanzu.

To, me na faɗa miki? Har a ƙofar coci! Na karanta wa Heike layin sau biyu. Na san ke ba mai yabo ba ce, layi huɗun nan daga wurinki sun fi mini shafi goma daga wani. Na zo na ɗaya, Yaya, cikin mutum ɗari biyu da wani abu. Alƙalan sun ce kumfar kamar za ta zubo daga takarda. Kuma akwai wani mai buga kalanda a Nürnberg da ke son ya sa shi a bango na kalandar baɗi, da sunan gidanki a ƙasa. Ki shirya ƙarin benci kafin bazara, baƙi za su zo daga nesa.

Ki ce wa Baptist sujadar ta karɓu.

Naki,
Wendelin


Hollernbach, 9 ga Oktoba

Wendelin,

Ka tambayi lafiyata, to ba ni da ita. Sati biyu ina jiran amsarka, da ta zo sai na ga kana rawa. Na zauna a kicin na karanta, na ji kamar in jefa ta a murhu.

Kofin Lorenz ne a hoton nan. Ga harufan sunansa a murfi, ga lotsawar da ya yi ranar da ya faɗo daga keken doki. Yaro ɗan shekara biyar a garin nan zai gane shi. An kwance baƙin zaren, an fito da shi waje, an cika shi har kumfa tana tsaye, wata uku kafin lokaci, kuma a ƙasa an rubuta sunan gidana. Kai ka girma a Hamburg, amma uwarka 'yar nan ce, kuma na rubuta maka da hannuna abin da kofin nan yake jira.

Ranar Asabar ɗin da hoton ya fito, Baptist ya shigo da jarida a hammata. Bai zauna ba. Ya shimfiɗa ta a kan tebur ya ce, "Gunda, wa ya sha?"

Na ce, "Ba wanda ya sha. Ga shi can a rataye, ka duba."

Ya duba. Ya ce, "Wannan ba ƙullina ba ne. Ni ba na ƙulla zare kamar igiyar takalmi."

Na ce ban san komai ba, aikin ɗan'uwana ne mai kyamara. Ya ce, "Ɗan'uwanki da ba ya shan giya sai kallo? To wa aka cika wa? In ba ƙira, me ya ci gawayi?"

Kafin yamma Resi, ƙanwar Lorenz, ta samo musu amsa. A wurin mai burodi ta ce ai ba sai an tambaya ba, akwai wanda ke mirgina ganguna sau biyu a sati, kuma matarsa ta mutu. Ta ce, "Ta ba shi kofi tun ƙasa ba ta gama kwanciya a kan yayana ba, sauran takalma da gado." Alois, bawan Allah, ko ruwa ba ya yarda ya sha a gidana. Tun ranar bai sake zuwa ba, ya aiko cewa ba ya son ya ƙara mini magana. Ni nake mirgino ganguna da gwiwar nan.

Teburin kuma ya tashi. Shekara arba'in da ɗaya suna zama a nan kowace Talata da Juma'a, tun zamanin surukina, ko ranar da ruwa ya ci gada sun zo. Yanzu suna buga kartarsu a ɗakin 'yan kwana-kwana, suna shan giyar kwalba. Kofunansu bakwai suna nan rataye, ba wanda ya zo ya ɗauka, kuma wannan kaɗai ya rage mini na sa rai. Ba baƙinka na bazara nake so ba. Mutanen nan su suka ɗauki gawar Lorenz a kafaɗa, in ba su zo ranar sha ɗaya ba, an binne shi ba a sallame shi ba.

Da na ce gida gidanka ne, ɗaki da abinci nake nufi, da hoton abin da idonka ya gani a inda yake. Ka faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana: yaushe ka sauko da shi, me ka zuba, bakin wa ya taɓa shi? Kuma ka zo da ƙafarka ka faɗa musu.

Gunda


Hamburg, 19 ga Oktoba

Yaya Gunda,

Ina gaishe ki da sanyin jiki. Kwana uku na yi ina juya wasiƙarki kafin in iya ɗaukar alƙalami. Heike ta ce ni jaki ne, ban musa ba.

Amma ki bari in faɗi nawa. Wasiƙar da kika yi bayanin zaren ta zo bayan na riga na aika da hoton. Da nake can na ɗauka ado ne. Na duba kofuna takwas ɗin, nasa ne kaɗai ke da rai, murfin ya dushe, hannun ya sha riƙo. Ranar Alhamis da safe, kin hau kogo, na sauko da shi. Minti ashirin, ba ƙari.

Ga gaskiyar da kika nema. Giyarki na zuba, daga famfon gidan. Ba bakin da ya taɓa shi, nawa ko na wani. Da na gama, na tsiyaye ta a gindin lindin ɗin da kika ce shi ya shuka, har na ce, "Taka ce, Lorenz." Na ɗauraye da ruwan sanyi na mayar. In laifi ne, laifin jahilci ne, kuma a ganina mutum zai iya cewa girmamawa ce. Mutum dubu nawa suka ga kofinsa yanzu?

Zuwa kam ba zai yiwu ba, jiragen ruwa sun yi yawa a tashar, shugabana ba zai sake ni ba. Kuma ki yarda da ni, in na tsaya a gaban Baptist sai abin ya ƙara lalacewa, kin san ba ya ƙaunata. Ki karanta musu wannan. Ki ce na rantse da kabarin uwata.

Ƙaninki mai nadama,
Wendelin


Hollernbach, 28 ga Oktoba

Wendel,

Na gode da amsa. Gwiwa ta kumbura, likita ya ce in huta, na tambaye shi ko zai zo ya mirgina ganga.

Ban ji daɗin rabin wasiƙarka ba, musamman wurin mutum dubu. Lorenz bai taɓa son a kalle shi ba, hoton aurenmu ma yana kallon ƙasa. Amma na ɗauki sauran na tafi da shi ɗakin 'yan kwana-kwana ranar Juma'a. Shekarata sittin da biyu, ban taɓa zuwa roƙon kowa ba, ranar na je. Na tsaya a bakin ƙofa da sandata na karanta musu, su bakwai, da kwalabensu a gaba.

Konrad ya ce, "Ya zuba wa bishiya? To ai da sauƙi. Lorenz ma yakan ba ta ragowar tasa."

Baptist bai ɗago ba, yana ta jera karta. Can ya ce, "Takarda ba ta jin kunya, Gunda. Ke kin yarda da shi?"

Na ce, "Jinina ne. Wawa ne, amma ba maƙaryaci ba. Ya rantse da kabarin uwarsa Kuni, kai ka san Kuni, tare kuka yi makaranta."

Ya ce, "Ba shi nake tambaya ba. Ke za ki sa bakinki a kai?"

Na ce na sa. Na ce in ya zama ba haka ba ne, kada su sake tako gidana, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Ya ajiye kartar ya ce, "Ranar sha ɗaya, ƙarfe shida. Ki gasa agwagwar dinya, kada ki ƙona ta kamar bara waccan."

Wendel, na fito na tsaya bayan motar kashe gobara na yi kuka kamar yarinya. Na yafe maka, ka ji. Na sa sabuwar ganga a ƙuryar kogo, inda ya fi sanyi, don ranar. Alois ma Konrad ya je ya kira shi. In za ka iya, ka zo, akwai jirgin ƙasa da ke isowa Bamberg da rana. Zumunci a ƙafa yake. Ka bar kyamarar a gida.

Yayarka,
Gunda


Hamburg, 7 ga Nuwamba

Yaya,

A gaggauce, muna lafiya. Na ji daɗi ƙwarai da aka shirya, na san dama abin ba zai yi nisa ba. Talata ba zan samu ba, ƙungiyarmu ta masu hoto tana da taro kuma ni ne mai jawabi. Tunda komai ya wuce, ga takardar mai kalanda, ki sa hannu a inda na yi alama, yana son ta kafin ƙarshen wata. Ki kurɓa mini.

W.


Hollernbach, 13 ga Nuwamba

Wendelin,

Ina da rai, in wannan ne kake son ji. Ina fatan jawabinka ya yi kyau.

Sun zo. Ƙarfe shida saura, na ji takunsu a tsakar gida, duk da rigunan coci. Resi ma ta zo, ta zauna kusa da murhu tana kallon silin. Dinyar ba ta ƙone ba. Konrad ya ba da labarin ranar da Lorenz ya kori mai duba awo da tsintsiya, aka yi dariya, har na manta cewa an taɓa yin wani abu.

Sai Baptist ya tashi. Ya hau benci da kansa, bai yarda a riƙe shi ba, ya kwance zaren, ya miƙo mini kofin da hannu biyu. Na kai shi famfo. Shekara talatin da takwas ina cika kofin nan, hannuna ya san nauyinsa, ya san inda ake karkata shi. Giyar ta fito da sanyinta, na ji shi a tafin hannu. Kumfa ta taso, ina kallo ta kwanta nan take, kamar an hura fitila. Na ce ko famfon ne. Na cika na Konrad, kumfa ta tsaya yatsa uku. Na ƙara a na Lorenz, ta sake mutuwa.

Kai mai gidajen giya ɗari huɗu, ba wanda ya taɓa faɗa maka dalilin da ya sa ba a sa wa kofin giya sabulu? Yumɓu yana riƙewa. Surukata ta taɓa marin hannuna a kan haka ina amarya. Kofin nan tun da aka yi shi bai san komai ba sai giya da ruwan rijiya.

Baptist ya karɓa, ya kai hanci. Ya ɗaga murfin ya duba gindin maƙalarsa, ya sa farce ya kankaro wani farin abu da ya bushe a wurin, ya murza a yatsa ya sake sunsuna. Ya ce, "Sabulun aski."

Resi ta yi dariya. Ita kaɗai.

Sai na tuna gwangwanin sabulun askin da ka bari a ɗakin baƙi, mai shuɗin murfi, da na ajiye maka a kan taga. Na tuna abin da ka rubuto da kanka, cewa kumfa ba ta jiran mutum. Taka ta jira. Minti ashirin tana tsaye a rana, alƙalai suna cewa kamar za ta zubo. Ba giyata ba ce ma ta ci gasar. Me ka tsiyaye a gindin lindin, Wendelin? Me ka ce wa Lorenz nasa ne?

Baptist bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini. Ya ce, "Ba zan sa wannan a baki in ce na sallami abokina ba." Ya ajiye kofin a tsakiyar tebur. Ya dube ni ya ce, "Ke kika faɗa, Gunda, ba mu ba." Sannan ya sake hawa benci ya sauko da nasa kofin, ya sa a aljihun kwat. Ɗaya bayan ɗaya suka yi haka. Konrad ne na ƙarshe, yana ta cewa, "Yi haƙuri, Gunda, yi haƙuri," yana kuka, amma ya ɗauka. Alois ya tsaya ya taya ni kwashe faranti, na ce ya tafi, kada a ƙara masa.

Da suka watse na zauna a kujera ta takwas. Dole wani ya sha, in ba haka ba shekarar ba ta rufe ba. Na shanye shi duka, ni kaɗai, da ɗacinsa. Ka ce in kurɓa maka, to na kurɓa.

Sauko da kofin da ka yi, na riga na yafe, don wauta ce. Amma ka san abin da ka zuba, ka san ranar da za a cika shi, ka bar ni na tsaya a gaban mutum bakwai na sa bakina a kan maganarka. Layi ɗaya ya ishe ka. Da ka rubuto gaskiya, da na je na faɗa musu da kunyata, mu tafasa shi, mu jiƙa shi a rijiya sati biyu, wataƙila su zo, wataƙila su ƙi, amma da ban zama maƙaryaciya a gidana ba. Ka zaɓi kabarin uwarka ya tsaya maka. Ina jin haushinka fiye da yadda na taɓa jin na wani mai rai.

Takardar mai kalanda tana cikin ƙunshin nan, ban sa hannu ba. Da ita na naɗe kofin don kada ya fashe a hanya. Tun shekaranjiya ya zama nawa, ina da ikon in ba wanda na ga dama, kuma ba zan iya kallonsa ba. Gwangwaninka ma yana ciki. Ka ajiye su tare a banɗaki, ka riƙa sa burushin askinka a ciki, aikin da ka koya masa ke nan.

Ƙugiyoyi takwas ne a bangon yanzu, ba komai a jikinsu. Da safe rana takan faɗo a kansu ta tagar gabas, na san za ka so hasken. Kada ka zo.

Gunda Zenk